Darasi na 9: Kallon Husufin Wata

Husufin wata, wanda wasu ke kira zazzaɓin wata, ba ya faruwa sai wata ya cika, wato daren sha huɗu ko sha biyar. Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake ara. Idan duniya ta shiga tsakaninsu, sai inuwarta ta faɗa masa.

Ku gwada yau da dare a tsakar gida. Wani ya kunna tocila, ita ce rana. Wani ya riƙe lemo a gaban hasken, shi ne wata. Sai a zo da ƙwarya, ita ce duniya, a ratsa da ita tsakaninsu a hankali. Ku lura da yadda duhu ke cin lemon daga gefe.

Me ya sa ba a yin husufi kowane wata? Hanyar wata ta ɗan karkace da kusan digiri 5, don haka yawanci ta sama ko ta ƙasan inuwar yake wucewa. Jan da wata yake yi lokacin husufi kuwa ba jini ba ne. Iskar da ta lulluɓe duniya ce ke lanƙwaso masa jan haske, irin na faɗuwar rana.

Ran 27 ga Yuli, 2018, inuwar ta rufe wata gaba ɗaya har awa 1 da minti 43. Ran 7 ga Satumba, 2025 kuwa, da husufinsa ya fito daga gabas wajen magariba. Dukansu a damina ne, saboda haka in hadari ya tare, ku ɗan dakata, yakan yaye.

Ko a Bolari kuke, ko Jekadafari, ko Pantami a garin Gombe, ku nemi fili mai nisa da hasken shaguna. Ku kalla da idonku kai tsaye, babu illa, har ga yara da masu juna biyu. Husufin rana ne ba a kallonsa haka, don yana lalata ido.

Yara kan fito da gwangwani suna kiɗa wai rana ta saki wata. Kada a kore su da tsawa, a nuna musu gwajin ƙwaryar nan. Annabi (SAW) ya ce rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. A Malikiyya kowa kan yi nafila raka'a bibbiyu shi kaɗai.

Aiki: rubuta jimla uku a kan abin da ka gani a gwajin, ka karanta wa 'yan ajinku.