Almati ko Bishkek: a ina kuɗinka zai fi auki?

Tsakanin Almati ta ƙasar Kazakistan da Bishkek, babban birnin Kirgistan, tafiyar kusan kilomita 240 ce. Mota na tashi daga tashar Sairan ta Almati, ta ratsa iyakar Kordai, ta sauke ka cikin awa huɗu zuwa biyar idan layi bai yi tsawo ba. Amma kusancin nan kada ya ruɗe ka, ɗan'uwa. Ƙasashe biyu ne, kowace da bizarta da kuɗinta: tenge a Kazakistan, som a Kirgistan. A 'yan shekarun nan som ɗaya kan kai tenge biyar zuwa shida, don haka kafin ka kwatanta farashi ka mayar da duka biyun dala.

Kowa zai ce maka Bishkek ta fi araha, kuma gaskiya ne. Sai dai mafi yawan bambancin a kuɗin haya yake. Almati ta daina zama babban birni tun 1997, amma har gobe nan ne cibiyar bankuna da kamfanoni, mutanenta sun haura miliyan 2, gida kuwa ya yi musu kaɗan. Garin a gindin duwatsu yake, shi ya sa mutanensa ke kwatance da "sama" da "ƙasa". Duk yadda ka hau sama, wajen titin Al-Farabi, iska na ƙara kyau, haya na ƙara tsada. Sabon zuwa mai ƙaramin ƙarfi ya nemi ɗaki a ƙasa, kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a 2011. Haya ta yi tashin gwauron zabo a biranen biyu a 2022, lokacin da Rashawa suka yi ta kwarara saboda yaƙin Yukren, don haka farashin da wani tsohon ɗalibi ya faɗa maka ka ɗauke shi tarihi. Ana duba gidaje a shafin intanet na Krisha a Almati, a na Lalafo a Bishkek, da Rashanci ake cinikin. Kada ka tura ko sisi sai ka ga ɗakin da idonka, kuma ka tambayi mai gida tun farko ko zai yi maka rajistar zama, domin wasu na ƙin yi wa baƙo.

Abinci ba shi ne matsala ba. Gurasar tanderu, dankalin turawa, albasa, karas da shinkafa duk da sauƙi a kasuwar Osh ta Bishkek. Koriyar Kasuwa (Green Bazaar) ta Almati kyakkyawa ce, amma 'yan yawon buɗe ido sun ɗaga mata kai, gara ƙananan kasuwannin unguwa. Yawancin mutanen ƙasashen biyu Musulmi ne, naman halal ba ya wuya, sai dai ana sayar da na alade a ɓangarensa, kuma naman doki abin marmari ne a wurinsu, musamman wanda ake ɗurawa a hanji da suke kira kazi. Ka riƙa tambaya kafin a zuba maka. Ɗakunan cin abinci da ake kira ashkana ko stolobaya sun fi kowane wuri sauƙi: farantin filof (dafa-dukar shinkafa) ko lagman (taliya da miya) da shayi ya wadatar. Manja, daddawa da kuka kam, ka cuso su a jaka daga gida.

Hunturu shi ne kuɗin da ba a lissafa wa mutum. Sanyi na sauka ƙasa da sifili na tsawon watanni, dole ka mallaki jibgegiyar riga, takalmin ƙanƙara da safar hannu. Nan Bishkek ta yi zarra, saboda kasuwar Dordoi, inda aka jera kwantenoni bisa kwantenoni aka mayar da su shaguna. Wanda ya san Kantin Kwari zai gane yanayin cinikin: 'yan sari daga ƙasashe maƙwabta, har da 'yan Almati, nan suke zuwa. Sannan ka duba yadda ake ɗumama gidan da za ka kama. Benayen da ke kan bututun ɗumi na gari sun fi sauƙin biya. Gidan gefen gari mai arahar haya sau da yawa da kwal ko lantarki ake ɗumama shi, abin da ka rage a haya sai ya tafi can. Hayaƙin kwal ɗin nan ne ke turnuƙe Bishkek da hunturu, mai asma ya sa wannan a lissafi.

Sufuri da sauƙi a duka biyun: katin Onai a bas ɗin Almati, bas a Bishkek, ga manhajar kiran tasi ta Yandex Go idan dare ya yi.

A ganina tambayar da za ta raba gardama ita ce daga ina kuɗinka ke fitowa. Ɗalibin da ake turo wa dala daga gida zai fi sakewa a Bishkek, abin da ya sa dubban ɗaliban likitanci daga Indiya da Pakistan suka cika ta ke nan. Ya kamata dai ka san cewa a watan Mayun 2024 gungun matasa sun far wa masaukan ɗalibai baƙi a can, don haka zaɓen unguwa ba batun kuɗi kaɗai ba ne. Wanda kuma ya zo da takardar aiki a hannu, albashin Almati ya fi tsoka, kuma yakan rufe tsadar hayar. Bizar ɗalibi ba ta aiki ba ce, kada ka gina lissafinka a kan aikin da ba ka samu izininsa ba.