Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen duba sadarwar ƙwaƙwalwar masu ƙaramar mantuwa

Ɗalibai da sababbin likitocinmu na Gombe, da ku nake. Dattijo ya fara maimaita tambaya, yana ta cigiyar carbin da ke wuyansa, amma har yanzu shi ke riƙe da shagonsa. Matakin nan ake kira MCI, wato ƙaramar mantuwa da ba ta kai ga hana mutum harkokinsa ba. A irinsu, fMRI, hoton da ke nuna aikin ƙwaƙwalwa, kan nuna raguwar alaƙa tsakanin hipokamfus (sashen da ke adana tunani) da sashen singulet na baya a tsakiyar ƙwaƙwalwa, cikin hanyar sadarwar sassan ƙwaƙwalwa da ake kira DMN, wadda ke aiki idan mutum bai sa komai a gaba ba.

Abin da ya fi ɓata aikinku motsin kai ne. Na'urar ba aikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa take gani kai tsaye ba, hawa da saukar oksijin a jini take bi. Kai ya gusa da rabin milimita, alaƙar sassa masu nisa sai ta ragu, ta makusanta ta ƙaru. Ainihin hoton raunin DMN da kuke nema kenan! Ga shi masu mantuwa sun fi masu lafiya mutsu-mutsu. Sai ku rubuta DMN ta yi rauni, alhali tari Baba ya yi. Haba! Ku tokare kan da soso ta gefe biyu. Ku yi masa bayani da Hausa ko Fulatanci: "Baba, ko hanci ya yi ƙaiƙayi, a daure." Ƙa'idata, cikin jerin hotunan da na'urar ke ɗauka, duk wanda motsinsa ya haura milimita 0.5 a zubar, in abin da ya saura bai kai minti 5 ba a sake ɗauka.

Sai goro, wanda kusan ba mai tambaya. Kafeyin ɗinsa yana tsuke hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa, siginar ta canja. Hana wanda ya saba shi ma yana canja ta. Na fi son a rubuta abin da ya ci da lokacin, a ɗauki kowa da safe.

Gyangyaɗi ma yana sauya sadarwar, don haka ido a buɗe, a kan alama ɗaya.

Kada ku tsallake FLAIR, nau'in hoton MRI da ke fito da tabo a ƙwaƙwalwa. Fararen tabo na hawan jini suna lalata hanyoyin sadarwa, ku auna su da ma'aunin Fazekas, 0 zuwa 3. Iyakar maki 26 ta gwajin tunani na MoCA ba ta wanda bai yi boko ba ce. A duba bitamin B12 da tayiroid (ƙullun wuya mai fitar da sinadari), don matsalarsu ma kan jawo mantuwa.

Raguwar DMN kuma a matsakaicin rukuni ake ganinta. Kada ku ɗauki hoton mutum ɗaya ku ce wa 'ya'yansa cutar mantuwa ta Alzheimer ce. Wasu suna zama a MCI shekaru, wasu ma su farfaɗo. A ba shi ranar dawowa bayan wata 6 zuwa 12, a sake gwajin tunani.