Yadda ɗalibi zai ajiye doki a bargar kwaleji a Amurka lafiya lau

Ba zan koya maka ɗaura sirdi ko sa linzami ba. Duk wanda ya tashi a gidan da ake hawan sallah ya wuce nan. Abin da na ga yana kayar da 'yan'uwanmu a kwalejojin Amurka masu barga shi ne zama da dawakin mutane a wuri guda.

Fara da takardu tun kafin dokin ya hau mota. Za su nemi sakamakon gwajin jini na Coggins, mai nuna ko dokin na ɗauke da wata cuta mai yaɗuwa tsakanin dawaki, galibi wanda bai wuce wata 12 ba, da shaidar allurar rigakafi, sannan ka sa hannu cewa ka san hawa akwai haɗari. Ka sani yawancinsu ba sa karɓar ingarma, sai goɗiya ko dandaƙaƙƙe. Mu da muka saba ganin ingarma a turke abin yakan ba mu mamaki, amma kada ka ɓata bakinka wajen gardama. Kuɗin ajiya kuwa ɗaruruwan daloli ne duk wata. Tambayi mai kula da barga ko za ka riƙa kwashe kashi da ba da ciyawa a rage maka. Wasu sukan yarda.

Sai kaya. Hular kwano mai tambarin ASTM/SEI, wato shaidar an gwada ingancinta, sabuwa. Ta hannu ba ta da amfani ko da kyauta ce, don ba ka san ko an taɓa faɗuwa da ita ba. Takalmi mai dunduniya, kada ƙafa ta zurma cikin likkafa. A wurina wanda ya hau da silifa bai cancanci a bar shi ya sake shiga ba.

Idan za ka ɗaure doki, yi ɗaurin da ja ɗaya zai kwance shi, kuma da ragama, ba da linzami ba. Ja majanyi kaɗan-kaɗan, ka zaga da shi, ka sake dubawa kafin ka hau.

Yanzu ga inda nake so ka natsu: shiga filin ƙilisa. Filin nan killatacce ne, sau da yawa ma rufaffe, kuma mutum biyar ko shida na iya kasancewa a ciki suna zagaye. Na ciki ba ya ganin wanda ke bayan ƙofa. Don haka ka tsaya, ka ɗaga murya ka kira "ƙofa" da Turancinsu, kuma kada ka taɓa sakata sai an amsa maka.

A watana na farko ban yi haka ba. Na tura ƙofar kawai na jawo dokina, daidai lokacin da wata ɗaliba ta taho a guje ta jikin bango. Dokinta ya zabura gefe, ita kuma ta sauka a kan kafaɗa. Har yau ina tuna yashin da ya cika mata baki, da yadda ta riƙe hannun tana numfashi sama-sama. Ƙashin da ke tsakanin wuyanta da kafaɗa ya karye, zangon karatun nan duka ba ta sake hawa ba.

In ka shiga, je tsakiya ka hau a can. Idan kun yi gaba da gaba da wani, kafaɗar hagunka ta wuce ta kafaɗar hagunsa. Mai sauri shi ke da jikin bango, mai tafiya a hankali ya matso ciki. Bar tazarar aƙalla tsawon doki ɗaya tsakaninka da na gaba, domin doki ba ya ganin abin da ke bayansa daidai, harbi yake kaiwa. Wanda ka ga an ɗaura wa jan ƙyalle a wutsiya, mai harbi ne. Sukuwa da zamiya irin ta gaban fada ba wurinsu ba ne nan. Da wani ya faɗi, kowa ya ja linzami ya tsaya. Kuma kada ka yi tsallaken shinge kai kaɗai, ko da filin babu kowa.

Bayan an gama, taka da dokinka har gumi ya bushe, duba kofato, cika masa ruwa, kwashe kashin da ya yi a hanya. Kada ka ba dokin wani komai, ko da karas ne. Rubuta lambar wayarka da ta likitan dabbobi a ƙofar ɗakin dokinka, ka ja sakatar ka sake taɓa ta kafin ka tafi aji.