Sabon zuwa Calgary ta ƙasar Kanada, ɗaga kai ka dubi rufi kafin ka sa hannu a takardar haya

Zancen rigar sanyi da takalmi ba zan ɓata bakina a kai ba. Alhamdu lillahi, jama'armu a nan ba sa barin baƙo ya tagayyara. Kafin ka yi mako wani ya kai ka kanti, wata ta aiko maka da tuwo. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, ƙanƙara tafiya take yi.

Mu da muka san ta a firji, dutse muke ɗaukarta. Ita kuwa halin alewa gare ta: ka buga, ta fashe, ka ɗora mata nauyi ka ƙyale ta, ta dinga miƙewa a hankali. Tun 1955 wani masani a Ingila, John Glen, ya auna cewa in matsi ya ninka biyu, malalarta kan ninka kusan takwas. Haka tulin ƙanƙarar Athabasca da ke kan duwatsun Rocky, inda kuke rububin zuwa ɗaukar hoto, yake gangarowa dare da rana.

Hunturuna na farko na kama gida mai rufin kwano. Iskar Chinook ta zo da ɗuminta, dusar da ke sama ta jiƙe, dare ya yi ta daskare. Kullum da safe sai in ga ta leƙo daga bakin rufi, ta lanƙwaso kamar ana naɗe tabarma. Har hoto na tura gida, wai abin sha'awa! A ƙarƙashinta nake ajiye mota. Wata asuba na ji rugum, na fito na tarar gilashin gaba ya zama gari.

Na kira mai gidan, ko jaje bai yi mini ba. Shafi na huɗu na takardar haya kawai ya ce in buɗe, inda na sa hannu cewa kwashe ƙanƙara a wuyana yake. Ni a zatona hanyar gefen titi ake nufi, wadda dokar gari ta ce a share cikin awa 24. Shi ya ce har rufi. Muka yi wata biyu muna ja, inshora suka biya rabi da wani abu, sauran daga aljihuna.

Bana ma na ga wani ƙanenmu ya yi fakin daidai irin wurin. Na yi masa magana, ya ce ai ta daskare, Yaya, ba inda za ta. Don Allah, a sa mai gida ya rubuta wanda ke da alhakin rufi, da sunansa, kafin a ba shi ko sisi.