Yadda Za Ka Ɗauki Ƙima Daga Optional Ba Tare da Manhaja Ta Rushe Ba

Optional tamkar akwati ne da zai iya ɗauke da ƙima, zai kuma iya kasancewa wayam. Harshen rubuta manhaja na Java ya kawo shi a sigarsa ta 8 a shekarar 2014, sannan std::optional ya shiga harshen C++ a ƙa'idar C++17. Matsala tana tasowa ne idan mai rubuta manhaja ya ɗauki abin da ke ciki ba tare da ya duba ba.

Kafin ka zaɓi hanya, ka fara tantance ko rashin ƙimar abu ne da ake tsammani ko kuwa alama ce cewa wani abu ya lalace.

Idan ana tsammaninsa, misali wanda ya yi rajista bai saka lambar waya ba, sai ka tanadi madadi da value_or a C++ ko orElse a Java. Sai dai a kula, orElse yana lissafa madadin ko da ƙimar tana nan, don haka idan samo madadin yana buƙatar a tambayi rumbun bayanai, orElseGet ya fi dacewa, domin ba ya yin aikin sai akwatin ya zama wayam.

Idan kuwa rashin ƙimar kuskure ne, kada ka rufe shi da madadi, domin sifilin da ka saka a gurbin kuɗin da ba a samu ba zai shiga lissafi ya ɓata shi ba wanda ya ankara. A Java, kiran get don ɗauko ƙima daga akwatin da yake wayam yana jefa kuskuren NoSuchElementException da saƙon da bai faɗi abin da ya ɓace ba, shi ya sa na fi son orElseThrow tare da saƙon da ya ambaci lambar asusun da aka nema.

A C++ haɗarin ya fi girma. Kiran value a kan optional wayam yana jefa kuskuren std::bad_optional_access, wanda za ka iya kamawa, amma alamomin * da ->, waɗanda su ma ake ɗauko ƙimar da su, ba a wajabta musu dubawa ba, kuma ƙa'ida ba ta ba da tabbacin abin da zai biyo baya ba. Manhajar tana iya ci gaba da aiki da bayanan banza har ta faɗi a wani wuri mai nisa. Kada ka yi amfani da su sai bayan has_value ya tabbatar da ƙimar.

Shi kuma catch, wato umarnin da ke kama kuskuren da aka jefa, ka sanya shi a inda za a iya ɗaukar mataki, kamar sanar da mai amfani ko soke aikin gaba ɗaya, kuma ka rubuta kuskuren a kundin rahoto kafin ka wuce.