Darasi na 6: Awon da ke cikin kunnenka

Kun taɓa tsayawa kallon yara suna hajijiya a ƙofar gida? Su yi ta juyi su yi ta juyi, suna tsayawa sai ka ga yaro ya tafi luu ya zube yana dariya wai ƙasa na juyawa. To ƙasa dai tana nan inda take, abin a kunnensa yake.

Mu mun ɗauka kunne na ji ne kawai, alhali yana taimaka mana mu tsaya daidai kada mu faɗi. Can ciki bayan dodon kunne, a cikin ƙashin kai, akwai wasu 'yan bututu guda 3 a lanƙwashe kamar zobe, kowanne da inda ya fuskanta, shi ya sa ko gyaɗa kai ka yi ko girgizawa ko karkata shi wajen kafaɗa akwai mai lura. Cikinsu ruwa ne da wasu gashi ƙanana da ido ba ya gani. Kana juya kai ruwan ya ture gashin, saƙo ya bi jijiya ya je ƙwaƙwalwa. Gwada juya ƙwarya cike da ruwa ka dire ta, ai ruwan ba ya tsayawa nan take ko? Haka na kunnen yaron nan, shi ya tsaya ruwan bai tsaya ba.

Kusa da bututun akwai 'yan jakunkuna 2 masu tsakuwoyi mitsi-mitsi irin na alli, su ke sanar da kai Keke Napep ya fizga ko ya taka burki ko da idonka a rufe.

Ƙwaƙwalwa tana haɗa labarin kunne da na ido da na ƙafa, in suka saɓa sai jiri da tashin zuciya. Ka shiga mota daga Gombe za ka Bauchi ka duƙufa kan waya, ido ya ce a zaune kake, kunne ya ce ƙarya ne tafiya ake, kafin Alkaleri ka fara neman leda. Ajiye wayar ka kalli nesa.

Wani lokacin tsakuwar ke ɓallewa ta faɗa bututu, an fi gani a manya. Mutum na juyawa a gado sai ɗaki ya kama wulwulawa, bai cika kai minti 1 ba ya lafa. Nan fa wasu za su ce iska ce a kawo hayaƙi, alhali likitan kunne juya maka kai zai yi a hankali ya mayar da ita wurinta. Amma jiri ya zo da karkacewar baki ko harɗewar harshe ko mutuwar hannu, asibiti a lokacin, kar a jira gari ya waye.

Aiki: kama bango, tsaya da ƙafa ɗaya ido a buɗe, sannan ka rufe ido. Rubuta jimla 2 kan wanda ya fi wuya.