Daga Ƙauye Zuwa Alƙahira: Hanya, Takardu da Zaman Farko

Da an kammala girbi, an sayar da gyaɗa da riɗi, sai ka fara jin ana cewa ɗan gidan wane zai tafi Masar. Daga ƙauyukan Ringim, Gumel, Gaya da Rano, wani Azhar zai je karatu, wani mara lafiya zai raka asibiti, wani kuma sarin kaya. Yawancin waɗanda suka sha wuya a Alƙahira tun daga gida wahalar ta samo asali, wajen takarda.

Fara da fasfo. Akwai ofishin shige da fice a Dutse, akwai a Kano. Kafin ka biya ko sisi, ɗauko katin ɗan ƙasa da takardun makarantarka ka jera su, ka duba suna harafi bayan harafi. In wannan ta ce Muhammad, waccan ta ce Mohammed, ko ranar haihuwa ta saɓa, gyara tun yanzu, domin a can za a juya sunan zuwa Larabci, kuma kuskure ɗaya yana iya riƙe ka watanni. Fasfon ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare. Ɗalibi kuwa ya kai takardunsa Abuja a buga musu hatimi a ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje, sannan ofishin jakadancin Masar. Biza ma kafin tafiya ake samunta. Duk dillalin da ya ce maka ka hau jirgi kawai, sai ka sauka a ba ka, kada ka saurare shi.

Sai katin rigakafin cutar shawara, wanda ake kira yalo kad. Jami'an lafiya na filin jirgin Malam Aminu Kano suna yin allurar su ba da katin. Ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka wanda ya yi ta ana jibi tafiya bai yi komai ba. Kada ka sayi na bayan fage. Ana iya killace ka a filin jirgin Alƙahira saboda shi.

Hanya mai sauƙi ita ce EgyptAir daga Kano kai tsaye, tafiyar awa huɗu zuwa biyar. Akwai kuma Ethiopian Airlines da ke yada zango a Addis Ababa, takan fi tsawo, wani lokaci ta fi araha. Ga mara lafiya ko tsoho, a daure a sayi ta kai tsaye. In daga ƙauye kake, ka kwana a Kano daren tafiya, ka isa filin jirgi awa uku kafin tashi. Motar kasuwa ba ta san lokacin jirgi ba.

Dattawa suna ba da labarin hanyar ƙasa da mahajjata suka riƙa bi, ta Maiduguri zuwa Chadi, a ratsa Darfur har Khartum, daga nan mai son Masar ya yi arewa ta Wadi Halfa zuwa Aswan. Wannan hanya ta mutu tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023. Ta Agadas zuwa Libiya kuwa hanyar 'yan fasa-ƙwaurin mutane ce, kuma rayuka da yawa sun salwanta a cikinta. Iyaye, don Allah kada ku sayar da gona ku ba yaro kuɗin wannan hanya.

Wajen haɗa kaya, duba nauyin da aka rubuta a tikitinka, galibi jaka biyu ce mai kilo 23 kowace. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji, a zuba kowanne a leda mai haske a rubuta sunansa, a ninka ledar daddawa sau uku saboda wari. Magani kuwa a yi hattara ƙwarai. Tramadol a Masar yana kai mutum gidan yari, ko da ƙafarka ce ke ciwo. Wanda ke shan maganin hawan jini ko na suga ya bar shi cikin kwalinsa, ya riƙe takardar likita. Kuma komai kusancinku da mutum, kada ka karɓi saƙon da ba ka kwance ka gani da idonka ba. Ka tafi da dala sabbi, domin ba za ka sami mai canza maka naira ba; kuɗinsu fam ne, su suna cewa gine, kuma a banki ko shagon canji mai lasisi ake canzawa.

Da ka sauka, sayi layin waya da fasfonka a nan filin jirgi, Vodafone ko Orange. Tun farkon 2025 an sa haraji kan wayar da aka shigo da ita daga waje, don haka tambayi kwastan yadda taka take, kada a rufe ta bayan wata uku. Gyara agogonka: suna gabanmu da awa ɗaya, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba kuma awa biyu. Masu tasi za su yi maka caa a bakin ƙofa. Kira Uber, ko ka sa wanda ya zo tarbarka ya yi ciniki.

Mutumin Haɗeja ya san zafi, saboda haka digiri 35 zuwa 40 na watannin Yuni, Yuli da Agusta ba zai ba shi tsoro ba. Sai dai babu inuwar darbejiya, gini ne kan gini da hayaƙin mota, ka yawaita shan ruwa. Abin da ke kayar da sabon zuwa sanyi ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu dare yakan sauko kusan digiri 9, ɗakuna daɓen tayil ne, sanyin yana shiga ƙashi fiye da na hunturunmu, ruwan alwalar asuba kamar ƙanƙara. Sayi bargo mai kauri da safa da rigar sanyi tun a Nuwamba. A nan ne hatsari mafi girma yake: yawancin bandakuna suna da na'urar dumama ruwa mai aiki da gas. In aka kunna ta aka rufe taga da ƙofa, takan fitar da iska mai guba marar wari, mutum ya ji jiri da ciwon kai, ya faɗi a ciki babu wanda ya sani. Bar tagar bandaki a buɗe ko da sanyi ya kai ina, kuma kada a shiga da gawayi ɗakin kwana. Tsakanin Maris da Mayu kuma akwai hamsin, iska mai zafi da jar ƙura. Mai asma ya zauna a ɗaki ranar.

Ɗaliban da Azhar ta ɗauki nauyinsu suna zama a Madinatul Bu'us da ke Abbasiyya. Sauran sukan yi karo-karo su kama haya a Madinat Nasr, musamman Hayyul Ashir. Za a nemi kuɗin ajiya da ladan dillali. Nace a rubuta yarjejeniyar haya da sunanka a ciki, domin za ka buƙace ta wajen neman iƙama, wato izinin zama, a ofishin fasfo na Abbasiyya. Fara nema kafin bizarka ta ƙare, in ba haka ba tara za ta hau kanka. Je da sassafe, da hotuna da kwafin kowace takarda, ka tuna Juma'a da Asabar ne ranakun hutun mako a Masar. Ka kuma yi rajista a ofishin jakadancin Najeriya.

Zirga-zirga ba ta da tsada. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, metro, layi uku ne, na uku ya bi ta Abbasiyya da Ataba. 'Yar'uwa, akwai taragu na mata zalla a tsakiyar jirgin, ki nemi alamarsu a dandamali. Namiji ya kiyaye shiga. A ƙaramar bas, in za ka sauka sai ka ce "ala gamb ya usta". Larabcin titi ba na littafi ba ne: jimun suna furta shi ga, ƙaf kuma ya koma hamza, "nawa ne" shi ne "bikam", "ina" kuma "fen". Abinci mai araha shi ne burodin aish baladi da ful, wato dafaffen wake, da ɗa'amiyya mai ɗanɗano kusa da ƙosai, sai koshari, shinkafa da taliya da wani ƙaramin wake da ake kira adas.

Kogin Nilu da magudanansa ba wurin wanka ba ne, saboda tsargiya da ƙarfin ruwa. Kada ka ɗauki hoton 'yan sanda ko ginin soja, kuma ka riƙa yawo da kwafin fasfo da iƙama a aljihu. Lambar 'yan sanda 122 ce, ta motar asibiti 123.